Jon Robinson, mai shara da ya zama matuƙin jirgin sama

In jirgin sama ya ratsa ta bisa Dogon Dutsi ko Tibiri, yara sukan bar wasa su ɗaga kai. Haka wani yaro ya yi a ƙasar Amurka a shekarar 1910, ran da ya fara ganin jirgi. Sunansa Jon Robinson. An haife shi a 1903. Baƙar fata ne, jikan bayin da aka kwasa daga Afirka. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, uwarsa ta rene shi a Galfot, wani gari na bakin teku.

A 1921 ya shiga makarantar Taskigi, wadda aka gina domin ƴaƴan baƙar fata. Can ya koyi gyaran mota. Da ya gama, ya yi ta neman aiki har ya zauna a birnin Shikago. Akwai makarantar koyon aikin jirgin sama a birnin, sunanta Curtiss-Wright. Jon ya nemi shiga, aka hana shi. Ya sake nema, aka sake hana shi. Ba don ya kasa karatu ba, sai don launin fatarsa.

To, ku ji dabarar da ya yi. Sai ya nemi aikin shara a makarantar, aka ba shi. Malami na koyarwa, Jon na bayan aji riƙe da tsintsiya, kunnensa na wajen darasi. Abin da ya ji kuma bai ɓoye shi a ciki ba. Yakan tara abokansa ya koya musu. Shi da su suka sayi kayan haɗa wani ɗan ƙaramin jirgi, suka sa masa injin babur. Jirgin kuwa ya tashi! Da malaman makarantar suka ga haka, sai suka karɓi Jon da abokinsa Koneliyos Kofi. Suka gama a 1931. Daga baya Jon ya zama malami a makarantar nan da ya share.

Filayen jirgi na Shikago ba su son baƙar fata su sauka. Saboda haka Jon da abokansa suka kafa ƙungiya, suka share fili nasu a garin Robins, da hannunsu, kamar yadda muke aikin gayya. Ba su ware mata ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ma, Janet Brag, ita ta sayi jirgin ƙungiyar na farko da kuɗinta. A 1933 guguwa ta rushe rumfar jiragen. Suka koma wani fili, suka ci gaba. A 1934 Jon ya tafi Taskigi, ya roƙi shugabannin tsohuwar makarantarsa su buɗe ajin tuƙin jirgi. Ba su yarda ba a lokacin, sai bayan ƴan shekaru. Matuƙan baƙar fata da suka yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu daga Taskigi suka fito.

A 1935 Italiya ta yi shirin cin ƙasar Habasha. A lokacin nan ƙasarmu Nijar tana hannun Faransa, kusan duk Afirka ma tana hannun Turawa, amma Habasha tana da ƴancinta. Jon ya bar ɗalibansa ya tafi can. Sarki Haile Selasiye ya ba shi muƙamin kanal, ya sa shi shugaban jiragen saman ƙasar. Jiragen ƴan kaɗan ne, tsofaffi, ba su da makaman kirki. Italiya kuwa tana da ɗaruruwa. Ran 3 ga Oktoba aka fara yaƙi. Aikin Jon shi ne kai saƙon sarki ga mayaƙa, da kai magani, jiragen abokan gaba na farautarsa. Ya ga yadda aka zuba wa garuruwa bam da iskar guba. A watan Mayu na 1936 birnin Adis Ababa ya faɗi, Jon ya koma Amurka. Jama'a masu yawa suka tarbe shi. Wani da sai ya zauna ya ci sunan da ya yi. Shi kam makaranta ya buɗe a Shikago.

An kori Italiya daga Habasha a 1941. A 1944 Jon ya komo tare da wasu gwanayen gyaran jirgi, baƙar fata kamarsa. Suka gyara jiragen da aka samu, suka tara samarin ƙasar suna koya musu tuƙi da gyara. A ganina wannan ya fi aikin da ya yi cikin yaƙi, don baƙo zai tafi wata rana, ɗan ƙasa ne zai zauna da sana'ar. Bayan ƴan shekaru ya samu saɓani da wani hafsa ɗan ƙasar Suwidin, har ya ajiye aikin soja. Duk da haka bai bar Habasha ba.

A watan Maris na 1954 jirgin da yake ciki ya faɗi a Adis Ababa, ya kama da wuta. Jon ya ƙone ƙwarai. Ya yi mako biyu yana jinya, ya rasu ran 27 ga watan. A birnin aka binne shi.