Robert Goddard: Uban Roka na Zamani

An haifi Robert Goddard a garin Worcester na ƙasar Amurka ran 5 ga Oktoba, 1882. Yaro ne mai yawan laulayi, har ta kai bai gama sakandare ba sai yana da shekara 21. Amma tun yana ɗan shekara 17 ya ƙudurta a ransa zai ƙera abin da zai kai mutum sararin samaniya.

To, ina zai karanta wannan? A 1904 da ya tashi shiga makarantar gaba, babu jami'ar da ke koyar da ƙera roka. Jirgin sama kansa bai cika shekara guda da fara tashi ba. Sai ya shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta garinsu, ya duƙufa a kan lissafi da fiziks, ya sami digiri a 1908. Daga nan ya koma Jami'ar Clark, ita ma a garin, ya gama digirin digirgir a fiziks a 1911.

A ganina ɗalibanmu masu cika takardar JAMB su duba wannan da kyau. Yanzu akwai kwas na injiniyan jiragen sama a AFIT ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kwara, amma gurbi kaɗan ne. Wanda bai samu ba, ya karanta fiziks ko injiniyan kanikanci a ABU Zariya, ko nan kusa a jami'ar Aliero, tushen ɗaya ne. Goddard bai taɓa riƙe takardar shaida mai sunan roka ba.

A 1913 tarin fuka ya kwantar da shi, likitoci suka fid da rai, amma ya tashi. A 1920 jaridar New York Times ta yi masa ba'a, wai ya manta abin da ake koya wa 'yan sakandare, domin roka ba za ta tafi inda babu iska ba. Alhali ya riga ya gwada a ɗakin bincike, ya ga tana tafiya. Fiziks ɗin da ya karanta ne ya ba shi gaskiya.

Ran 16 ga Maris, 1926, a wata gona a Auburn, ya harba roka ta farko a duniya mai aiki da mai na ruwa, wato fetur da oksijin. Ta tashi ƙafa 41 kacal, cikin daƙiƙa biyu da rabi, ta faɗa cikin kabeji. Da a Aliero ne, da albasa ce ta sha wuya!

Daga 1930 ya ci gaba da gwaje-gwaje a Roswell, ya rasu ran 10 ga Agusta, 1945. Jaridar nan ba ta janye maganarta ba sai ran 17 ga Yuli, 1969, lokacin kumbon Apollo 11 yana kan hanyarsa ta zuwa wata.