Mamman Shata: Daga Tallar Alewa Zuwa Digirin Dakta

Mu mutanen Matamaye mun san waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, amma ba kowa ya san a kasuwa ya faro ba. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin yana ganinta roƙo ce. Shata ya sayar da goro, ya yi tallar alewa yana rera waƙa, har waƙar ta rinjayi cinikin. Bai taɓa shiga ajin koyon kiɗa ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, maƙwabciyarmu. Kafin mu raina baiwar yaranmu, mu tuna da shi. Allah ya jiƙansa.