Tunawa da Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ko kun tuna kaset ɗin da malaminmu na Hausa yake sa mana a aji? Muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ce. Ni dai sai da na kama aikin gwamnati a Gumel na bibiyi tarihinsa. A ƙasar Bakura aka haife shi, ya gaji kiɗa wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda. Ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya shugabanci nasa makaɗan kotso, har ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Bashar. Shekarun amshin nan nake tunawa duk lokacin da ƙarin girma ya tsallake ni a ofis. Ya rasu a 1991. Allah ya jiƙansa, amin.