Albert Einstein da Matsalar Agogo Biyu

An haifi Albert Einstein a garin Ulm na ƙasar Jamus ranar 14 ga watan Maris, 1879. Iyayensa Yahudawa ne. Ya karanta lissafi da kimiyya a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, ya gama a 1900. Ya nemi aiki a jami'a bai samu ba. Sai a 1902 aka ɗauke shi a ofishin rajistar sababbin ƙere-ƙere da ke birnin Bern.

A can ne wata tambaya ta hana shi sakat, wadda mai ji zai ɗauka ta yara ce. Idan ga agogo a nan, ga wani can nesa, ta yaya za a tabbatar lokacinsu ɗaya ne? A 1905 ya ba da amsa. A aika haske daga agogon farko zuwa na biyu, madubi ya komo da shi. In zuwa da dawowa sun ci daƙiƙa biyu, sai a saita na biyun a kan cewa hasken ya iske shi bayan daƙiƙa ɗaya.

Dabarar ta dogara ne ga abu guda. Gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba ya sākewa ga mai aunawa, ko yana tsaye, ko yana tafiya miƙe ba ƙari ba ragi. A ce an kunna fitila a tsakiyar taragon jirgin ƙasa mai gudu. A wajen fasinja, hasken zai isa gaba da baya lokaci guda. Amma a wajen mutumin da ke tsaye a tasha, baya zai fara isa, domin bayan taragon yana matsowa ya tarye shi. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ke nan agogunan da suka daidaita a cikin jirgi, a lissafin na tasha ba su daidaita ba.

Gaskiya dai, Henri Poincaré na Faransa ya riga shi bayyana saita agogo da haske, amma Einstein ne ya yi ƙarfin halin watsar da ra'ayin cewa lokaci ɗaya ne ga kowa. Abin mamaki, lambar yabo ta Nobel ta 1921 da aka ba shi, don wani bincike ne dabam a kan haske.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, Einstein ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zauna a garin Princeton. A nan ya mutu ranar 18 ga watan Afrilu, 1955, yana da shekara 76.