Byang Kato, Wanda Ya Nema wa Makiyaya Makaranta

Sa'ad da mu ke tuna da alherin Ubangiji a wannan Jubili, ya kamata mu tuna da bayinsa waɗanda suka riga mu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Byang Kato, mutumin Nijeriya ta Arewa. Shekara 39 kaɗai ya yi a duniya, amma ba mai ba da labarin makarantun horar da fastoci a Afirka ya tsallake sunansa. Abu ɗaya ne ya dame shi dukan kwanakinsa, wato garke yana ta ƙaruwa, makiyaya kuwa kaɗan ne, waɗanda su ke akwai kuma ba su sami isasshiyar koyarwa ba.

An haife shi ran 23 ga watan Yuni, 1936, a ƙasar Kwoi, cikin Jihar Kaduna ta yanzu. Shi ɗan kabilar Ham ne, waɗanda Hausawa su ke kira Jaba. Iyayensa masu bin addinin kakanni ne, tun yana jariri ma aka keɓe shi domin ya riƙe tsafi in ya girma. Amma Allah yana da wani nufi. Yaron ya shiga makarantar mishan ta S.I.M. a Kwoi, a nan ya ji bishara. Yana da shekara 12 ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, aka yi masa baftisma a 1948. Ubansa ya husata ƙwarai, ya tsananta masa, amma yaron bai ja da baya ba. Daga baya iyayen nan da kansu suka karɓi bangaskiyar ɗansu.

A 1955 ya tafi Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a ƙasar Yarabawa, inda a ke koyarwa da Turanci. Ya gama a 1957, a shekaran nan kuma ya yi aure. Daga nan ya yi aikin koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki na ƙasarsu. Ya kuma yi aiki a Ikko tare da mujallar nan African Challenge, wadda mishan ta fara bugawa a 1951. Masu karatu su kan aiko da wasiƙu suna neman shawara a kan damuwarsu, wannan kuwa wata makaranta ce dabam ga saurayin mai bishara. Gama wanda ya saurari kukan mutane ya kan gane da wuri, iya tsayawa a bagade bai isa ba. Akwai abin da sai an zauna da mutum shi kaɗai, a ji shi da haƙuri, kāna a buɗe masa Maganar Allah daidai da ciwonsa.

Kato bai yi makarantar sakandare ba, amma bai bar wannan ya tare masa hanya ba. Bayan ya tashi daga aiki ya kan zauna da littattafansa, yana karatu ta hanyar wasiƙa, har ya ci jarrabawar da ta buɗe masa ƙofar babbar makaranta. A 1963 ya tafi Ingila, ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta London, ya sami digiri cikin ilimin tauhidi. Da ya komo gida ya koyar a Igbaja, inda dā ya yi ɗalibta. A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ekklesiyar E.C.W.A., ya zauna a Jos. A shekaran nan yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, bai ƙare ba sai 1970. Kwanaki ne na makoki da yunwa da gaba tsakanin kabilu, makiyaya suka sha tambayoyi masu wuya daga bakin gwauraye da marayu.

A 1970 ya sāke fita neman ilimi, wannan karo zuwa makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, inda ya sami digirin dokta a 1974. Tun bai karɓi digirin ba, a 1973, babban taron Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska ya zauna a Limuru, ƙasar Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakatare. Shi ne ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan matsayi. Sai ya ƙaura da iyalinsa zuwa Nairobi.

To, a nan ne ya sami fili ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Ya kwatanta ekklesiyar Afirka da mai ciwon ƙarancin jini, ga jiki babba, ga rashin ƙarfi. Maganin da ya nuna shi ne koyarwa mai zurfi, a cikin Afirka kuma. Ya san da kansa wahalar tafiya ƙasar waje, ga tsada, ga rabuwa da gida, ga shi malaman can ba su san tambayoyin mutanenmu ba. Ina mai bishara zai sami amsa domin mai mata uku da ya tuba, ko macen da dangin miji su ke zargi saboda rashin haihuwa, ko mai bi wanda tsoron maita ya hana shi barci? Irin waɗannan al'amura su ke jiran fasto a ƙofar gidansa kowace safiya. Saboda haka ɗalibi yana bukatar Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da Ibrananci da Helenanci, da tarihin ekklesiya da koyon wa'azi, yana kuma bukatar sanin al'adun jama'arsa da yadda a ke yi wa mai ɓacin zuciya ta'aziyya.

Kato ya nemi a kafa manyan makarantu biyu, ɗaya domin ƙasashen da a ke karatu da Faransanci, ɗaya domin masu Turanci. Ya nemi a kafa hukuma mai duba makarantun Littafi Mai Tsarki, ta auna malamansu da littattafansu da darussansu, domin takardar shaidar da su ke bayarwa ta zama abar amincewa. Ya kuma gargaɗi 'yan Afirka su riƙa rubuta littattafai da kansu. A watan Yuli, 1974, ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lausanne, ƙasar Suwizalan. A 1975 aka buga littafinsa mai suna Theological Pitfalls in Africa, wato ramummukan da ke kan hanyar ilimin tauhidi a Afirka. A ciki ya yi gardama da koyarwar waɗansu manyan masana, irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, gama yana tsoron kada a ɗauka kowane addini hanyar ceto ne. Ba za mu ɓoye ba, waɗansu sun ga ya tsananta wa addinin gargajiya da masanan nan fiye da kima, har wa yau kuwa ana muhawara a kan wannan. Shi dai matsayinsa a fili ya ke: mutum ya zama Kirista ba tare da ya daina zama ɗan Afirka ba, amma Littafi Mai Tsarki ne ma'aunin kowace al'ada.

A ƙarshen 1975 ya tafi hutu da iyalinsa a bakin teku kusa da Mombasa. Ran 19 ga watan Disamba ruwa ya ci shi. Labarin ya girgiza ekklesiyoyi daga Kwoi har ƙasashe masu nisa. Ko ɗaya daga cikin makarantun da ya yi fama dominsu bai ga buɗewarta ba.

Amma irin da ya shuka ya tsiro. A 1976 aka kafa hukumar duba makarantun nan. A 1977 aka buɗe makarantar tauhidi ta Bangui, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, domin masu Faransanci. A 1983 aka buɗe ta Nairobi, wadda ta zama jami'a a 2011. A Jos kuma, a makarantar tauhidi ta E.C.W.A. da aka kafa a 1980, an sa wa ɗakin littattafai sunansa.

'Yan'uwa, labarin nan yana yi mana tambaya. A cikin ekklesiyoyinmu akwai samari da 'yan mata waɗanda Ubangiji ya ke kira, abin da ya tsare su kuwa sau da yawa kuɗin makaranta ne da abincin iyali. Idan mun bar makiyayi ba koyarwa, tumaki ne za su sha wuya. Bari kowace ekklesiya ta dubi 'ya'yanta, ta aiki ko da ɗaya, ta riƙe shi da addu'a da baiko har ya gama. Mu gode wa Allah saboda bawansa Byang Kato, mu kuma roƙe shi ya ta da waɗansu kamarsa a cikinmu.