Samuel Ajayi Crowther, Bawan da Ya Zama Bishop

Ya mai karatu, ka san baƙin ciki yakan kwantar da mutum? A 1821 mahara suka kama Ajayi, yaro Bayarabe, aka raba shi da uwa tasa, aka sayar. Allah ya kuɓutar da shi, ya bi Yesu, ya zama bishop a 1864. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka wulakanta shi, suka dakatar da fastocinsa. Bayan haka jikinsa ya shanye, ya rasu a Ikko a 1891.

Ɗan'uwa, doguwar damuwa takan hana barci, takan kawo hawan jini. Kada ka haɗiye taka kai kaɗai. Faɗa wa fasto, ku yi addu'a tare, ka kuma je likita.