ARTHUR NEWTON: MANOMIN DA YA KAI KUKANSA DA GUDU

A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wani tsere mai suna Comrades, wanda ake yi da ƙafa tsakanin Durban da Pietermaritzburg, tafiyar mil 55 ko kusa da haka. Nisan ya fi na Jimeta zuwa Numan, ga hawa da gangara, kuma a yini guda ake gama shi. An fara shi a 1921 don tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutumin da ya fara fito da sunan wannan tsere shi ne Arthur Newton.

An haife shi a Ingila a 1883. Yana saurayi ya tafi lardin Natal, ya yi aikin koyarwa, daga baya ya sami gona. Da ya dawo daga yaƙi sai ya tarar gonar ta lalace, kuma gwamnati ta ware yankin don zaman baƙar fata. Newton ya ga an cuce shi, ya nemi diyya, aka yi masa kunnen uwar shegu. Abin lura a nan, mutanen da yake ƙorafi a kan maƙwabtakarsu su ne masu ƙasar tun kaka da kakanni.

Sai ya yi wata dabara. Ya ƙudurta cewa in ya yi suna, dole hukuma ta saurare shi. Ran 1 ga Janairun 1922, yana ɗan shekara 38, ya fara koyon gudu. Watanni biyar ba su cika ba ya shiga Comrades, ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 40. Da shekara ta kewayo ya gama cikin ƙasa da awa 7. Ya sake cinyewa a 1924 da 1925 da 1927. Sirrinsa kuwa gudun sassarfa ne mai nisa kowace rana, ba gaggawa, ba fashi.

Suna dai ya samu, amma diyya shiru. A 1925 ya bar gonar, ya nufi Rodeshiya (Zimbabuwe ta yau) a ƙasa, don ba shi da kuɗin jirgi.

A 1928 ya shiga tseren ratsa Amurka daga Los Angeles zuwa New York, mil 3,400 da ɗoriya. Mutum 199 suka tashi, 55 suka kai. Newton yana kan gaba ciwon ƙafa ya fitar da shi. A 1931 a birnin Hamilton na Kanada ya yi gudun mil 152 cikin awa 24, yana dab da shekara 48. Ya rasu a Ingila a 1959.

Duk zamaninsa an hana baƙar fata shiga Comrades. A 1935 wani mai suna Robert Mtshali ya yi gudun ba tare da an rubuta sunansa ba, ya gama cikin awa 9 da rabi. Sai a 1975 aka buɗe wa baƙaƙe da mata ƙofa, a 1989 kuma Sam Tshabalala ya zama baƙin mutum na farko da ya zo na ɗaya.